Hannu a ɗaure, Sallah na tafe

Talata, 13 ga Mayu 2025, Manchester

Da hagu nake buga wannan, sai a yi haƙuri da abin da aka gani. Tun da na zame a matakala wuyan hannuna na dama ya karye, keken ɗinki yana nan rufe da zani. Likita ya ce filastar sai ta yi mako shida, bayan an cire kuma ga gashin ƙashi kafin in iya riƙe almakashi. Babbar Sallah kuwa farkon watan gobe ce, lokacin da tela ke haɗa kuɗin da zai kai shi ƙarshen shekara.

Da hantsi wata Hajiya ta zo karɓar kayanta, leshi biyu da shaddar maigidanta. Har na riga na ja layin awo da alli a jikin leshi ɗaya, ban kai ga yankawa ba. Na miƙa mata kafin alƙalaminta, ta ture hannuna ta ce, "Haba ƙanwata, riƙe ki sayi magani. Allah ya ƙara sauƙi." Na ce a'a Hajiya, kuɗin aikin da ban yi ba ne. Da ƙyar ta karɓi rabi.

Bayan azahar na zauna kan maganar kuɗin rashin lafiya, da ta hana ni barci. A Ingila, idan kana aiki a ƙarƙashin wani ka kwanta ciwo, dole mai aikin ya biya ka aƙalla fam 118.75 a mako, a ƙa'idar 2025. Mai sana'ar kansa ba ya cikin wannan, domin ba shi da ubangidan da zai biya shi. Abin da ya rage mana shi ne tallafin gwamnati ga wanda rashin lafiya ya hana aiki, da ake kira ESA, sabon tsarinsa, shi ma sai ga wanda ya biya kuɗin inshorar ƙasa. Ba ma shekarar da ake ciki suke dubawa ba. Mai nema a 2025, shekarun haraji na 2022 zuwa 2023 da 2023 zuwa 2024 za a duba masa.

'Yata ce ta buɗe min shafin haraji a kwamfuta, ni ina gefe ina ta salati. Sai ga shekarun biyu sun fito a cike. Ɗan kuɗin inshorar nan ne, fam 3.15 a mako, daga baya 3.45, wanda ake haɗa min da haraji duk ƙarshen Janairu ina biya ina tsaki. Ta kalle ni ta ce, "Umma, ashe adashi kike zubawa ba ki sani ba."

Muna tsakiyar cike fom Yaya ta kira daga Birmingham. Da ta ji abin da nake yi sai muryarta ta canza: "Ke, rufa wa kanki asiri. Takardarki ba ta ba ki damar cin kuɗin gwamnati ba. Kada ki je sabunta biza su ce kin karya doka." Tsoron nan ba na banza ba ne. Ni ma da shi na kwana har sai da na tambayi masu ba da shawara kyauta na Citizens Advice. Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, yana cikin abin da aka haramta wa mai irin bizata, ko kusa ba zan je ba. Amma wannan ESA ɗin daga gudummawar da mutum ya biya yake fitowa, ba a lissafa shi cikin wancan rukuni. Na yi mata bayani, ta ce to, Allah ya sa haka ne. Na san ba ta gamsu ba. Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba, wanda na ji a muryarta: kada mutanenmu su ji an ce matar wane tana karɓar tallafi. Wannan kam bai dame ni ba. Da gumina na biya.

Fom ɗin bai yi wuya ba: lambar inshora, asusun banki, sunan likitan unguwa, sai bayanin takardar da asibiti ya ba ni mai cewa ba zan iya aiki ba. Kuɗin ne dai ba yawa. Fam 92.05 a mako a 2025 ga wanda ya kai shekara 25, ana biya duk mako biyu, kuma kwana bakwai na farko ba a biyan su. Doguwar riga biyu in na ɗinka sun fi haka. Ba a duba albashin maigida ko ajiyar banki, wannan ya yi min daɗi. An yarda mutum ya ɗan taɓa aiki ƙasa da awa 16 a mako, amma da wane hannun?

Da maigida ya dawo muka yi lissafi a bayan ambulan. Haya da wuta a kansa, cefane daga ESA idan ya fito, kuɗin layyar da muke aikawa gida kuwa bana sai dai mu shiga haɗakar saniya. Yanzu jiran kiran jami'in ESA nake. Gobe kuma zan nemi wata tela a Moss Side, ko za ta karɓi sauran kayan mutane guda biyar da ke cikin kabad.