Abin da tafki ɗaya ya koya mini a fadamar Haɗeja da Nguru

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin babur da litattafan fili, in bar aikin kula da muhalli da na daɗe ina yi a fadamar Haɗeja da Nguru. Wasu abokan aiki sun matsa in rubuta wani abu saboda yaran da ake ɗauka yanzu. Ba zan tsaya kan ƙidayar tsuntsaye ta watan Janairu ko rahoton wata-wata ba, waɗannan kowa zai koya da kansa. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta tafkin da aka hana wa masu shi, da kuɗin da aka karɓa daga hannunsu.

Kun san halin da ruwan yake ciki. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliya ta daina zuwa ta koma yadda kakanni suka san ta. Wani wurin ruwa ya kwanta shekara cur, ciyawar kachalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyinsa, gonar wannan ta nutse, ta wancan ta bushe, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu makwanci suna fitowa su cinye shinkafa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar na fadamun da duniya ta ba muhimmanci, wuri na farko a Najeriya, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Wannan suna ya jawo masu ba da tallafi, ba na musu. Amma wanda yake shiga ruwa har ƙirji da lauje ya sari kachalla, matsattsaku na kama shi, masunci ne da ɗansa.

A wani gari da ba zan ambata ba muka ƙulla yarjejeniya da masunta a kan wani tafki mai zurfi da ɗinya da kirinjijiya da agwagin Turai suke sauka da hunturu. Ba wani sabon abu na kawo musu ba. Hutar da ruwa al'adarsu ce. A Argungu ana tsare kogin Matan Fada duk shekara sai ranar gasar kamun kifi, Badawa ma suna da nasu bikin kamun kifi a Gogaram. Abin da muka yi kawai shi ne muka rubuta. Za a rufe tafkin daga janyewar ruwa har tsuntsaye su tashi, a buɗe da bazara. Ba dumba, wato shingen tare kifi, ba taru mai ƙaramin ido, ba maganin kashe kifi. Kowane mai komar kamun kifi zai biya ɗan abin da aka yanka masa, kuɗin ya zauna a hannun kwamitin gari, Sarkin Ruwa da liman da wata dattijuwa mai bandar kifi su ne masu sa hannu, kuma ba a taɓa shi sai don lauje da man kwale-kwale da abincin 'yan gayyar saran kachalla. Maharba ma suka shigo, suka yarda ba harbi a tafkin, a bar musu dajin gabas a lokacinsa.

Tsarin kuɗin nan na ɗauko shi daga abin da na karanta game da Amurka a wani kwas da aka tura mu. A can, tun 1937 akwai dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin kashi 11 cikin 100 da ake karɓa a kan bindigar farauta da harsashi ya tafi ga jihohi don kula da namun daji da mazauninsu. A 1950 aka yi irinta a kan kayan kamun kifi, Dingell-Johnson. Tun 1934 kuma duk mai harbin agwagin ruwa da ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarki na musamman, kuma kusan kashi 98 na kuɗin yana tafiya wajen saye da tsare fadamu. Mu ba mu da masana'antun da za a ɗora wa irin wannan haraji, kuma farautarsu ta nishaɗi ce, tamu ta tukunya. Abin da ya kama ni sharaɗi ne guda: jiha ba za ta samu ko sisi ba sai ta yi doka cewa kuɗin lasisin mafarauta ba zai tafi ko'ina ba sai hukumar namun daji. Ba a gina sakatariya da shi, ba a biyan wani bashi da shi. Kuma da yawa daga filayen da ake saya da kuɗin, a buɗe suke ga wanda ya biya, ya shiga a lokacin da aka tsara. Shi ya sa ƙungiyoyin mafarauta da kansu suke tsayawa gaban 'yan majalisa su kare harajin da su ake karɓa wa. A wajenmu masunci ya saba biya, ga na ƙaramar hukuma, ga na mai ruwa, amma bai saba ganin kuɗinsa ya dawo bakin ruwa ba. A garin nan ya gani, shekara biyun farko hanyar ruwa ta buɗe har kwale-kwale ya riƙa wucewa inda da sai an ja shi.

Sai aka yi mana sabon shugaba. Mutum ne mai ilimi, ya iya rubuta takardar neman tallafi fiye da duk wanda na sani, wannan ba zan hana shi ba. Amma fili yake gani a taswira. Da aka ce masu ba da tallafi za su zo duba aiki, kuma sabon zagayen kuɗi ya rataya ne a kan yawan kadada da aka keɓe, sai ya zana tafkin da jan biro ya sa shi cikin wuraren da ba a shiga ko kaɗan. Kuɗin kwamiti kuma ya sa aka kwaso shi zuwa asusun ofis, wai don a adana, aka rubuta shi a rahoto a matsayin gudummawar al'umma. Ban ce ya ci ba, kuma har yau ban yi zaton ya ci ba. Amma kuɗin ya bar garin.

Na je birni na same shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun haƙura wata da watanni suna kallon kifi yana tsalle. A bar su ko na 'yan kwanaki ne, baƙi ma su ga bikin." Ya ce, "Malam, kai aikinka wayar da kai ne, tsara manufa namu ne." Da na nace, ya ce zai duba. Ban ƙara jin komai ba.

Ranar buɗewa tun kafin asuba mutane suka fara gangarowa daga garuruwan kewaye, kowa da gorarsa da komarsa a kafaɗa. Mata sun kafa kaskon ƙosai, masu banda sun tara itace, 'yan kasuwa sun zo da kwanduna tun daga Gashuwa, makaɗa na gyara ganguna. Yara da yawa ranar ce za su fara shiga ruwa da iyayensu. Hantsi bai yi ba sai ga a-kori-kura da masu gadi da takarda mai hatimi. Suka kafa allo, suka ja igiya, waɗanda suka riga suka taka ruwa aka karɓe komarsu aka jibga a bayan mota. Koma ɗaya aikin wata guda ce ga mai saƙa ta. Sarkin Ruwa, tsohon da ya haifi kamata, bai ɗaga murya ba, shi ne ma ya hana samari jifa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, mu mun riƙe namu alkawarin. Ina naku?" Babu abin da zan ce masa da ba zai zama ƙarya ba, don haka na yi shiru.

Abin da ya biyo baya kowa a ofis ya sani ko da ba a rubuta ba. Masu gadi huɗu ba sa tsare tafki da dare. Aka fara shiga da gidan sauro ana kwashe har 'ya'yan karfasa. Wani daga nesa ya zuba gamalin, maganin ƙwari mai guba, muka wayi gari tarwaɗa da gaiwa suna yawo ciki sama, babu wanda ya faɗi ko wane ne, alhali a da kafin baƙo ya sauke kayansa labari ya kai ga Sarkin Ruwa. Maharba suka ce tunda yarjejeniya ta tashi, ta tashi ga kowa. Gayya ta mutu, don ba wanda zai sha cizon matsattsaku saboda ruwan da aka kore shi. Kachalla ta dawo ta rufe bakin tafkin. Da Janairu ya zagayo, mu da muka riƙe madubin hangen nesa mun ga abin da ya rage.

Ni kuma aka ba ni takardar tuhuma, cewa na yi wa al'umma alkawari ba da izini ba. Kwafin yarjejeniyar yana hannuna, da hatimin ofis da sa hannun tsohon shugabanmu. Na haɗa da amsata na miƙa. Ba a janye tuhumar ba, ba a kuma ƙara tada maganar ba, ƙarin girma dai ya wuce ni. Baƙi sun zo, sun ɗauki hoton allon, an sabunta tallafi. Na ci gaba da zuwa garin, ina cin tuwonsu, ina zuwa jana'izarsu, har suka bambance ni da takardar da aka kawo. Wannan ne kaɗai abin da nake alfahari da shi a shekarun nan.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka sa hannu a kan abin da ofis zai iya warwarewa da biro ɗaya, sai ka sa ƙaramar hukuma da hakimi sun zama shaida. Kuɗin gari ya zauna a gari, da sunan mutum uku da ba albashin aiki suke ci ba. Ka nemi mata masu banda kafin ka nemi kowa, su suka san ko kifi yana ƙanƙancewa. Kada ka kira maharbi ɓarawon daji a gaban jama'a, gobe shi zai nuna maka inda gauraka take ƙwai. Makiyayi ma yana da hakki a mashaya, in ka manta da shi a takarda zai tuna maka da rani. Shugaban da bai taɓa jiƙa wandonsa ba, ka yi ta gayyatarsa fili har ya zo, in ya ƙi ka rubuta ra'ayinka ka ajiye kwafi.

Ga wanda zai gaje ni: littafin kwamitin yana wajen liman, da sunan kowane mai koma da abin da ya biya. Kuɗin har yanzu yana asusun ofis, na tambayi akanta a makon jiya ya tabbatar. Na bar takarda a fayil ina neman a mayar da shi kafin bazara, a kuma cire tafkin daga jan layi a dawo da ranar buɗewa. Komar da aka karɓe tana ɗakin ajiya bayan gareji, wasu ɓera ya ci, sauran za su gyaru. Ka fara da mayar da su, ka kai da kanka, kada ka aika.