Ambulan Inna Ilona

Laraba, Budapest, ƙasar Hangari.

Yau ban yi karatun kirki ba, kuma Inna Ilona ce ta jawo. Da hantsi na hau wurinta domin in kai mata maganin hawan jinin da ta aike ni in karɓo, sai na tarar ta baje takardu a kan teburin kicin: ga katin TAJ ɗinta mai lambobi tara, wato katin inshorar lafiya na ƙasa, ga takardar da likitan unguwa ya tura ta da ita wurin likitan ƙashi, ga kuma wani farin ambulan da kuɗi a ciki da ta danne da kofin shayi. An tabbatar mata cewa sai an sauya gwiwar hagun nan, an sa sunanta a jerin masu jiran tiyata, amma babu wanda ya yi mata alkawarin za a kira ta a bana.

Ta ce, "'Yata, ke da kike karatun aikin jinya, gaya mini gaskiya. Idan na miƙa wa likitan nan wannan, kama ni za a yi?"

Na ce, "Inna, doka ta hana tun farkon 2021, kuma mai bayarwa da mai karɓa duka suna iya shiga hannu. Abin da aka yarda da shi ƙaramar kyauta ce bayan an gama jinya, ita ma ba tsabar kuɗi ba."

Ta san da dokar, ba labari nake ba ta ba. So take ta ji ko akwai sauran wata kafa. Daga nan ta ɗauko mini tarihin ambulan a rayuwarta, ni kuwa na zauna har shayina ya huce. A zamanin kwaminisanci, lokacin da Hangari ta ɗauki tsarin da Nikolai Semashko ya kafa a Tarayyar Sobiyet, asibiti na gwamnati ne, likita ma'aikacin gwamnati ne, magani kuma a rubuce kyauta ne ga kowa. Sai dai albashin likita bai taka kara ya karya ba, don haka tun shekarun 1950 marasa lafiya suka saba sunkuyar da kai su tura masa ambulan cikin aljihun farar riga. Ta bayar ranar da ta haifi ɗanta, ta bayar lokacin da aka yi wa mai gidanta aiki a ciki, kuma ta ce ko sau ɗaya ba ta ɗauke shi cin hanci ba, domin kowa ya san farashin kowane aiki ba tare da an taɓa rubuta shi a bango ba.

Da tsohon tsarin ya rushe aka koma inshora. A yau asusu guda ne na ƙasa, NEAK, yake biyan asibitoci, kuma ana cire kashi 18.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya haɗa fansho da lafiya. 'Yan fansho irinta suna cikin inshorar ba tare da an sake cire musu komai ba. Ta tuna mini da alfahari cewa da gwamnati ta ɗora forint 300 (forint shi ne kuɗin Hangari) a kan kowane ganin likita a 2007, tana cikin fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a da suka soke shi a zaɓen raba gardama na Maris 2008. Na kasa daurewa na tambaye ta yadda mutum zai ƙi biyan forint 300 da rasit, amma ya yarda ya ba da dubbai a ɓoye. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wancan na gwamnati ne, wannan kuwa na wanda zai riƙe wuƙa."

Ni dai ina tare da dokar, kuma na faɗa mata haka. Ambulan ne ya sa wanda ba shi da shi yake zama na ƙarshe a layi, shi ne kuma ya sa manyan likitoci suke riƙe ayyukan da ke kawo kuɗi, matasa su rasa inda za su koya, su tattara su tafi Jamus da Ostiriya da Birtaniya bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Dokar 2020 da ta haramta shi ita ce ta ƙara wa likitoci albashi sosai, kuma hakan daidai ne. Amma ba ta haifo ma'aikatan jinya ba, ba ta ƙara ɗakunan tiyata ba, kuma mai kuɗi bai daina tsallake layi ba, asibitin kuɗi kawai ya koma, inda ake karɓar miliyoyin forint a kan gwiwa ɗaya a ba shi rasit. Abin da ke cikin ambulan Inna bai kai ko kusa da haka ba. Ta ce, "A da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa." Ban sami abin da zan ce mata ba.

Da yamma Bashir, wanda shi ma ɗalibi ne, ya kira yana murna, wai likitan fata ya gan shi cikin makon nan ta inshorar kamfani da ɗalibai masu biyan kuɗin makaranta suke yanka. Na yi masa barka, amma muryata ba ta fita da daɗi ba, har ya tambaye ni ko lafiya.

NEAK tana wallafa tsawon jerin jiran kowane asibiti a intanet, don haka bayan isha'i na zauna ina kwatanta su, na ga akwai asibitocin wasu lardunan da layinsu bai kai na nan tsawo ba. Gobe in sha Allahu zan raka ta wurin likitan unguwa mu tambaya ko za a iya mayar da sunanta can, idan ɗanta ya yarda ya zo daga Graz ta ƙasar Ostiriya ya yi jigilarta.