Neman mai fassara falsafar Japan, ashe aiki ne ja

Wata biyu kenan ina neman wanda zai juya min wata makala ta falsafa daga Japananci zuwa Turanci, wallahi na ɗauka abu ne mai sauƙi. Masu fassara kam ga su nan birjik a intanet, amma yawancinsu takardun kamfani da kwantiragi suka saba da su, ka ba su rubutun masanin falsafar Japan Nishida Kitaro sai ido ya raina fata.

Wani na gwada shi da shafi ɗaya, ya zo kan kalmar "basho" ya rubuta "wuri" kawai ya wuce abinsa, alhali wajen Nishida wannan kalma ita ce ginshiƙin tunaninsa gaba ɗaya. Haka "ningen" a rubutun Watsuji Tetsuro, shi ma masanin falsafar Japan, ma'anarta mutum ne, amma a rubutun Japananci haruffa biyu ne, na biyun na nufin tsakani, kuma a kan wannan tsakanin ya gina duk bayaninsa na ɗabi'a, to in ka ce mutum kawai ai ka zubar da miyar ka riƙe kwano. Ga shi 'yan makarantar Kyoto, wato Nishida da mabiya tafarkinsa, sun sha karatun Jamusawan nan Hegel da Kant, wanda bai taɓa leƙa falsafar Jamus ba sai ya ɓace a hanya.

Ita kanta kalmar "tetsugaku", wato falsafa da Japananci, wani masani Nishi Amane ne ya ƙirƙiro ta a zamanin Sarki Meiji, cikin ƙarni na 19, ba tsohuwa ba ce.

Yanzu dai na koma duba sunayen waɗanda suka yi fassara wa cibiyar nazarin addini da al'adu ta Nanzan da ke birnin Nagoya, mutum biyu na tura wa imel, ɗaya ya ce in aiko masa da sakin layi uku tukuna ya gani.