Rumbun ƙarfen da lissafinsa ya ƙi daidaita

An ba ni aikin tantance ko bangon wani rumbun hatsi na ƙarfe zai lotsa idan aka cika shi maƙil. Faɗin rumbun mita 6 ne, kaurin bangon kuwa milimita 4 kacal, ga shi hatsin da ke gogar bangon yana danna shi ƙasa. Na zana shi a Abaqus, wata manhajar kwamfuta da injiniyoyi ke gwada ƙarfin gini da ita, na yanyanka bangon ya zama raga ta ƙananan gutsattsari irin S4R, masu kusurwa huɗu da ake amfani da su wa siririn bango, na kunna zaɓin NLGEOM domin lissafin ya riƙa bin siffar ƙarfen yayin da take sauyawa, sannan na shiga ɗora nauyi kaɗan-kaɗan ta hanyar Newton-Raphson, wadda ke maimaita lissafi a kowane mataki har sai nauyin da juriyar bangon sun daidaita.

Da farko lafiya lau. Da nauyin ya yi nisa sai manhajar ta fara rage matakinta tana gargaɗin cewa taurin ginin ya sauka ƙasa da sifili, daga bisani ta tsaya cik. Kwana uku na ɓata ina zargin ragar, ina ƙara mata yawa, alhali ba ta da laifi. Bangon ne ya kai iyakar abin da zai ɗauka, kuma hanyar da ba ta san komai ba sai ƙarin nauyi ba za ta sami daidaito bayan an wuce ƙololuwa ba.

Gajen haƙuri ya sa na kunna birkin wucin gadi da manhajar ke da shi, wanda ke rage motsin bangon don lissafin ya ci gaba, lissafin ya kammala, har na fara murna. Da na gwada ALLSD, wato makamashin da birkin ya shanye, da ALLIE, wato makamashin da ke cikin bangon, sai na ga birkin ya shanye kaso mai yawa na makamashin, ya zarce kashi 5 cikin 100 da aka saba lamunta nesa ba kusa ba. Ashe birkin ne ke riƙe da rumbun. Na watsar da wannan sakamako, na koma hanyar Riks, wadda ke barin nauyin ya hau ko ya sauka tare da motsin bangon, a nan ne na ga layin jadawalin nauyi da motsi ya kai ƙololuwa ya gangaro.

Duk da haka amsar ta yi kyau fiye da kima, domin ta kusa matsin megafaskal 169 da lissafin hannu ke bayarwa ga bangon da ba shi da aibi ko kaɗan. Irin wannan bango kuwa babu maƙerin da ke fitar da shi, musamman a bakin walda. Tun a 1945 injiniya Koiter ya nuna cewa 'yar tawaya a siffar siririn bango mai kewaye tana rage ƙarfinsa ƙwarai. Saboda haka na ɗauko siffar lotsawa ta farko da manhajar ta fitar, na dasa ta a jikin ragar gwargwadon abin da EN 1993-1-6, kundin ƙa'idojin Turai kan siririn bangon ƙarfe, ya tanada, na kuma shigar da iyakar juriyar ƙarfen. Ƙarfin bangon ya faɗi ƙasa da rabi, kuma wannan adadin ne na sa a rahoto, tare da shawarar a ƙara kaurin zoben ƙasa.