Furen da Makka ta ƙi, Ɗa'ifa ta karɓa

Ni dai ban taɓa ganin beronika ido da ido ba sai a waya, hoto ne ya faɗo min a Instagram, wani fure shuɗi-shuɗi mai ɗan ja ya miƙe tsiri-tsiri kamar zangarniyar gero, ƙudan zuma sun yanyame shi, nace wallahi sai na shuka wannan a saman sorona. Cikakken sunansa Veronica spicata, asalinsa daga Turai ne da sassan Asiya masu sanyi, kuma abin da ya ja ni shine ba irin furen fitoniya bane da muke siya a mashtal (wajen sayar da shuke-shuke) duk hunturu ta mutu kafin zafi ya gama shigowa, shi wannan saiwarsa tana nan a ƙasa, ganye ya bushe ya sake fitowa shekara da shekaru. Wai. A ƙasarsu.

Na yi odar iri ta intanet, da ya iso na buɗe takardar sai da na yi dariya, ƙanana ne fitik kamar garin barkono, atishawa ɗaya sai ki rasa kuɗinki. Ba a binne shi, barbaɗawa ake a saman ƙasa mai laima a ɗan danna da tafin hannu, don yana son haske kafin ya tsiro. Na shuka a Nuwamba da iska ta fara sauƙi, wajen sati uku sai ga su sun leƙo. Tukwane huɗu, na cakuɗa ƙasar mashtal da yashi saboda ruwa ya riƙa zurarewa, ina basu ruwan da ke ɗiga daga mukayyif (AC) wanda nake tarawa a jarka, tunda shi ba gishiri. Har Fabrairu abin gwanin sha'awa, ganye kore shar masu ɗan tsawo da baki kamar zarto.

To amma wanda ya san Makka ya san abin da ke tafe. Daga Afrilu rana ta fara nuna hali, zuwa Yuni zafi ya haura digiri 40 kullum, kuma babbar matsalar ma ba ranar bace, daren ne, siminti da duwatsun da suka kewaye mu sun sha zafi wuni guda sai su kwana suna amayar da shi, shukar ba ta samun lokacin hutawa ko kaɗan. Nan na tafka wautata, da na ga ganye ya langaɓe sai na ƙara ruwa safe da yamma har da tsakar rana, ashe dafa saiwar nake a tukunya. Da na tuge guda ɗaya saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, tana wari kamar tsumman da aka manta a bokiti. Uku suka tafi a haka.

Ta huɗun ce Goggo ta ƙwace da ta zo Umra daga Ɗa'ifa. Ta dube ta tace "ke 'yar nan, wannan baƙuwa ce, kin ajiye ta a bakin murhu, bani ita." Nace Goggo ai ta riga ta mutu, tace ba ruwanki. Haka aka sa tukunyar a bayan mota suka hau hanyar Hada da ita. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba amma kamar wata ƙasa ce daban, Ɗa'ifa tana kan tudun da ya haura mita 1,800 daga matakin teku, shi yasa wardin da ake tatsar turare yake yi a can, ana tsinkarsa da asuba a Maris da Afrilu. Ta dasa ta a hoshi, wato tsakar gida, gefen katangar da ke samun ranar safe, da azahar inuwa ta rufe, ruwa kuma sai ta tura yatsa ta ji ƙasa ta bushe tukuna.

Bana da muka je hutu na ganta, ta kai gwiwata, kai bakwai na ƙirga, furen yana fara buɗewa daga ƙasan zangarniyar yana hawa sama a hankali, ƙasa ya fara bushewa sama ko buɗewa bai yi ba. Goggo da almakashinta na ɗinki take yanke duk wanda ya gama, nan da nan wasu ƙananan su fito ta gefe. Cutar nan mai kamar farin gari ta ɗan kama ganyen ƙasa inda suka cunkushe, ta tsige su don iska ta shiga. Tace in ta ƙara shekara biyu za ta tone ta raba saiwar gida uku ta bani kashi ɗaya, nace a'a Goggo rufa min asiri, ki baiwa maƙwabta. Tukwanen nan uku na riga na cika su da raihani (ɗaɗɗoya) da furen winka, su zafin ko a jikinsu.