Mazubin da na ara wa kanel

A shekarata ta biyu a wurin aiki aka ɗora mini binciken wata saba, wato babbar kwamfuta, da ke tura wa mutane bidiyo. Furosesa na cika maƙil, alhali layin sadarwa bai kai rabin ƙarfinsa ba. Na kunna perf, manhajar da ke nuna inda lokacin furosesa ke tafiya, na zuba ido. Abin da ke cin lokaci mafi yawa ba wani lissafi mai wuya ba ne, kwafi ne kawai: a ɗebo bayanai daga nan cikin memori a zuba can.

Haka Linux yake aiki tun asali. Idan manhaja ta kira send, wato umarnin tura bayanai, kanel, zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da na'ura, yakan fara kwafe bayanan zuwa nasa mazubin, wato wurin ajiya na ɗan lokaci a memori, sannan katin sadarwa ya ɗauka daga can. Idan fayil ne ke kwance a faifai, akwai sendfile tun Linux 2.2 a 1999, wanda ke tura shi ba tare da ya biyo ta hannun manhaja ba. Mu kuwa manhajarmu ke haɗa bayanan da kanta kafin a tura, don haka wannan hanya ba tamu ba ce. Abin da ya dace da mu shi ne MSG_ZEROCOPY, wanda Willem de Bruijn na Google ya shigar cikin Linux 4.14 a 2017. Maimakon kwafi, kanel yana kafe shafukan memorin manhajar, kowanne bayit 4096 a irin injinanmu, katin ya karanta kai tsaye daga cikinsu.

Na gyara layuka kaɗan, nauyin furosesa ya sauka, raina ya yi fari.

Ba a yi mako ba koke ya fara shigowa. Bidiyo na tafiya lafiya, sai hoto ya dagule na ɗan lokaci, ya koma daidai. Ba kullum ba, ba kuma ga kowa ba. Na yi kwana biyu ina zargin katin, ina zargin kebul. Ogana, wanda ya girme ni a aikin da shekaru masu yawa, ya jawo kujera ya karanta abin da na rubuta, ya ɗora yatsa a kan layin da ke bin send.

"Ƙanena, a daidai nan, mazubin nan na waye?"

"Namu ne, Oga. Ai send ya dawo."

"Da can namu ne. Yanzu aro ka bayar, ba a dawo maka da shi ba tukuna."

Wannan tambayar ce ta buɗe mini ido. Kwafin da nake kallo a matsayin ɓarna yana saya mini wani abu mai daraja: da zarar send ya dawo, ina iya zuba sabon abu a mazubina, don kanel yana riƙe da nasa. Da na cire kwafin, dawowar send ba ta nufin an gama. TCP, ƙa'idar da ke kai bayanai ta intanet, yana ajiye bayanai har sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar sun iso, kuma idan fakiti, wato ƙullin bayanai, ya ɓace a hanya, daga shafukana za a sake ɗebowa. Ni kuma na riga na rubuta wani yanki na bidiyon a kai. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne katin ne ke lissafa lambar tantancewa, wadda ke nuna ko bayanai sun lalace, a lokacin fita, saboda haka gurɓataccen fakitin yana isa da shaidar cewa lafiyarsa ƙalau. Masu raunin sabis su suka fi shan wahala, domin a wajensu ake yawan sake turawa.

Maganin yana rubuce a bayanin da ke tare da kanel ɗin, na dai karanta shi da gaggawa. Kanel yana ba kowane send lamba, idan ya saki shafukan sai ya ajiye sanarwa a layin kurakurai na soket, ƙofar da manhaja ke turawa ta cikinta, a karanto ta da MSG_ERRQUEUE. Sai da na sake fasalin manhajar: tarin mazubai, kowanne da alamar ko yana hannunmu ko yana waje. Wannan ya fi gyaran farko aiki nesa ba kusa ba. Ya kuma zo da nasa nauyin, don mutum ɗaya mai jinkirin intanet yana iya riƙe mazubi na tsawon lokaci, kuma idan kafaffun shafuka suka wuce iyaka, send yana dawo da kuskuren ENOBUFS, wato babu sauran wuri.

Awo ma sai da na sake koyonsa. Idan mai turawa da mai karɓa suna kan inji ɗaya, kanel yana yin kwafin duk da haka, yana kuma faɗa a cikin sanarwar, don haka irin wannan gwaji ba ya nuna komai. Ƙananan saƙonni kuwa sun ƙara nauyi ne, saboda kafe shafi da jiran sanarwa sun fi kwafe ɗan abu tsada. Bayanin kanel ya ce ribar takan fara ne daga wajen kilobayit 10 zuwa sama, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba.

A ƙarshe mun bar manyan yankunan bidiyo suna fita ba kwafi, ƙananan saƙonni kuma suka koma tsohuwar hanya. A saman wurin da ake sake cika mazubi na rubuta wa duk wanda zai gaje ni layi ɗaya: kada ka taɓa wannan sai sanarwar kanel ta iso.