Gurbin da ke Mulkin Allo: Abin da Na Koya Daga Kwaikwayon Allon Tabarruki na Siyena

A tsakiyar ƙarni na 14 masu zanen birnin Siyena na Italiya sun yi fice da wani irin ƙaramin allo: hoton Maryamu da jaririnta a tsakiya, gefen kuma kewaye da ƙananan gurabe da aka rufe da gilashi. A kowane gurbi akwai kayan tabarruki, ɗan ɓarin ƙashin waliyyi ko ƙyallen tufafinsa, an naɗe da alharini, da 'yar takardar fata mai ɗauke da sunansa. Wanda Naddo Ceccarelli ya yi wajajen 1350, yanzu yana gidan tarihi na Walters a Baltimore ta Amurka, shi na ɗauka abin koyi. Nawa allon tsawonsa santimita 40 ne, faɗinsa 28, da gurabe 14 da na cika da ƙyallen alharini kawai.

Kafin in fara, a zatona hoton ne babba, gurabe ado ne. Aikin ya nuna mini akasin haka. Gurabe su ke yanke faɗin gefe, su ke ƙayyade kaurin katako, su ke nuna iya filin da ya rage wa hoto.

Don haka a fara da su. Na yi amfani da busasshen katakon fofla, irin da Italiyawa suka saba, mai kaurin santimita 2.5. Kowane gurbi faɗinsa santimita 2, zurfinsa milimita 8, da ɗan matakala a bakinsa inda gilashi zai zauna. A haƙa su duka tun katako na tsirara. A gwajina na farko na bari sai bayan na shafe katakon da alli, allin kuwa ya ɓare a baki kamar ɓawon ƙwai. A kuma bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin gurbi da gurbi, in ba haka ba katakon zai tsage ta bin jijiyarsa.

Gam ɗin da ake shafa wa katakon na fatar zomo ne: kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a jiƙa ya kwana, a narka shi a kwanon da ke zaune cikin ruwan zafi. Kada ya tafasa. Tafasa tana kashe danƙonsa. A shafa sau biyu, a manna yadin lilin, a yanke yadin daidai bakin kowane gurbi. Sai alli. Italiyawa na gifsam, wani farin dutse mai laushi, suke yi, mai kaushi a ƙasa, sannan mai laushi wanda aka jiƙa wata guda ana canza ruwa. Na yi shafi takwas na mai laushin, kowane yana gicciye na baya. A nan gurabe suka fi ba ni wuya. Alli yana taruwa a cikinsu, ya bushe da kauri, ya dare, tsagar ta bi ta haura saman allo. Maganin da na samu shi ne toshe kowane gurbi da ɗan katako da aka shafa wa kakin zuma, a juya shi a hankali bayan kowane shafi tun allin bai ƙanƙame ba. A tuna kuma shafi takwas yana cinye kusan milimita ɗaya, saboda haka kada a yanka gilashi sai an gama kankare allin ya yi santsi.

Zinariyar da ake lulluɓe allon da ita ce ta bayyana mini dalilin allon baki ɗaya. Akwatunan tabarruki na asali aikin maƙeran zinariya ne. Da 'yan Yaƙin Gicciye suka washe Kustantiniya (Istanbul ta yau) a 1204, kayan tabarruki masu yawa suka kwararo Yamma, kuma a 1359 asibitin Santa Maria della Scala na Siyena ya sayi tarin irinsu daga Kustantiniya. Mai zane yana gogayya ne da ƙarfe da duwatsu masu daraja, dole katakonsa ya yi ƙyallin dunƙulen zinariya. Ana shafa jan yumɓu da aka dama da siririn gam sau huɗu, a goge, a jiƙa wuri kaɗan da ruwa, a ɗora fallen zinariya. Fallen yana yagewa a bakin gurbi domin babu abin da zai tallafe shi. A yanka shi sirara, a kewaya bakin da su, a ruɓanya. Goga da dutse mai santsi tana da lokacinta, bayan 'yan sa'o'i gwargwadon laimar ɗaki. In an yi gaggawa dutsen ya kwashe zinariya, in an makara ba ta haske.

Adon da ake bugawa da ƙananan ƙarafa shi ke sa zinariya ta yi walƙiya a hasken kyandir, kuma a hasken kyandir ya kamata a duba aikin. Kusa da gurbi a sassauta guduma ƙwarai. Gurabe biyu na fasa kafin in gane cewa alli a wurin ba shi da majingina.

Zanen ya zo ƙarshe, ya kuma fi sauƙi: kwaiduwar ƙwai da garin launi kusan daidai wa daida, koren ƙasa a ƙarƙashin fuska, shuɗi ga mayafin Maryamu. Filin da ya rage bai wuce santimita 16 a faɗi ba, sai mutum biyu rak, ba gini, ba taron jama'a, fuska tana kallon mai ibada kai tsaye. Inda abin tabarrukin ke can cikin bagade, zane yana samun sarari ya ba da labari, kamar yadda mai zane Agnolo Gaddi ya cika bangon ɗakin da ake ajiye ɗamarar da aka ce ta Maryamu ce a majami'ar birnin Prato na Italiya daga 1392 zuwa 1395. A allon hannu kuwa ƙashin yana nan gefe, hoton fuska kawai yake ara masa.

Gilashin na ɗora shi bayan fenti ya yi mako biyu yana bushewa, na riƙe shi da siririn zoben tagulla. Gam bai dace ba, domin laimarsa takan shiga gurbi ta dusashe gilashin daga ciki.